Ƙofar da Baba Garba ba ya buɗewa

Har gobe ban manta da ranar da gafir, wato mai tsaron ƙofar ruwa, ya kunyata ni da bawon gyaɗa ba.

Lokacin sabon muhandis ne ni, wato injiniya, a ofishin ban ruwa kusa da garin Wad Haddad, kaina na hayaƙi. Na koyo aikin lissafin tafiyar ruwa da kwamfuta. Za ka zana tur'a, wato magudanar ruwan gonaki, ka yayyanka zanen ƙananan gidaje bila adadin, kwamfuta ta lissafa saurin ruwa da inda ya nufa a kowane gida. Tana nuna maka inda zai ci gaɓa da inda zai yi sanyi ya ajiye laka.

Cikin watan Agusta laka ta toshe bakin wata ƙaramar tur'a, dawar manoman ƙarshen layi ta fara yaushi. Mudir, wato shugaban ofishinmu, ya kira ni ya ce, "Ga ranar na'urarka, nemo mana dalili."

Na ɗauko zanen ofis, ƙofofi biyu ne a saman wurin, na shigar da su a buɗe daidai wa daida kamar yadda ƙa'ida ta ce. Ruwa ya fito a allo yana tafiya sumul. Kwana shida ina juya lissafi, amsar ɗaya ce. Har na fara cewa manoman ne ke zuzutawa.

A rana ta bakwai mudir ya kora ni wurin. Na tarar da Baba Garba gafir, dattijo ɗan garinmu, na buɗe masa allo ina ta bayani. Ya saurara har na gama, sannan ya watsa bawon gyaɗa cikin ruwan. Bawon ya gangaro, ya iso bakin ƙaramar tur'ar, ya tsaya yana zagaye wuri ɗaya.

"Ɗana, abin naka ya nuna wanga?"

Na ce bai nuna ba. Sai a lokacin na ɗaga ido na ga ƙofar dama a rufe, har ciyawa ta fito jikinta.

"Baba, me ya sa ba ka buɗe waccan?"

"Ya salam! Ƙasanta mata ka wanki, nan shanu ka shan ruwa. In buɗe ta ta kwashe mutane? Tun zamanin mahaifina ta hagu muka buɗewa."

Kunya ta kama ni, ƙasa ta ƙi tsagewa. Na koma ofis na rufe ƙofar dama a kwamfuta. Sai ga zagayen nan ya fito a allo, daidai inda bawon ya tsaya, nan ne laka ke kwanciya. Na gwada 'yar katanga mai karkata ruwa a wurare dabam dabam cikin kwamfutar har na sami inda take kashe zagayen ba tare da an taɓa mashayar ba. Aka yashe bakin, aka gina ta, ruwa ya wuce.

Da na nuna wa Baba Garba, dariya ya yi. "Kwayyis, ya yi kyau, yanzu na'urarka ta yi hankali."

Kwamfuta ba ta yi mini ƙarya ba, abin da na ba ta ta lissafa. Shi ya sa nake ce muku, ku matasa, kafin ku kunna ta ku je ku gaida mai juya ƙofa. Yawancin gonakin sun farfaɗo, amma biyu na can ƙarshe ruwa bai riske su da rai ba. Kwana shidan nan da na yi a kan kujera ne suka cinye su, kuma na san masu su da sunansu.