Yawun Goro a Gilashin Alhaji

Jama'a, yau gwaninta ta ja mini kora! Na fara sana'ar goge tagogi, aikina na farko gidan Alhaji mai awon gyaɗa a Tudun Wada. Shi kaɗai ke da tagar gilashi a unguwar. Na ƙi yashi, na sa toka da lemon tsami, na goge tas!

Sai ga yayansa, dattijo, yana taunar goro. Ya ɗauka taga a buɗe take, ya tofa. Jawur a gilashi, har ya fantsamo wa Alhaji da ke tsaye kusa a riga!

Na ce, "Baba, ai akwai gilashi."

Alhaji ya daka mini tsawa: "Gogewa na ce, ba ɓatarwa ba! Fita!"

Ni aka kora, mai tofin kuwa aka ƙara masa goro!