Ranar da Aka Kira Malama Fibi 'Yar Yahu

Duk wanda ya yi karatu a makarantar kuɗin nan da ke bayan unguwar Bekaji a Jimeta ya san Malama Fibi Wilson, malamar lissafi. Doguwa ce, baƙa, mai saurin tafiya, ba ta duka amma kowa na shakkarta. Ni sunana Na'inna, Hausa nake koyarwa a ajin da ke jikin nata. Adda Fibi nake kiranta, don ta girme ni, kuma ita ta riƙe ni sa'ad da na fara aiki ban san yadda ake tsawata wa yara ba.

Iyayenta mutanen wajen Numan ne. Babanta malamin asibiti ne da aka yi wa canji zuwa Jimeta, a nan aka haife ta, a nan ta yi aure. Mijinta Wilson ma'aikaci ne a sakatariya, mutum mai sanyin hali. 'Yarsu ɗaya, Virtue.

Abin da ya kai ta ga kwamfuta gajiya ce kawai. Kowane ƙarshen zango sai mu duƙufa muna kwafe makin yara da biro, mu tara, mu raba, mu yi kuskure, mu goge. Da mai makarantar ya sayo kwamfuta, sai aka ɗora mata shigar da makin duka azuzuwa, tun da ita ce mai lissafi. Ta yi zango guda tana danne-danne, ta ce wannan ai jaki aka mayar da ita, dole akwai hanyar da na'urar za ta yi aikin da kanta. Ta fara kallon darussa a wayarta lokacin tara. Mu muna cin ƙosai muna gulmar duniya, ita tana gefe ta toshe kunne, tana rubuta wasu alamomi a bayan tsofaffin takardun jarrabawa.

Ta daɗe tana fama. Akwai lokacin da ta ce mini ta haƙura, ƙwaƙwalwarta ta tsufa. Washegari na same ta ta koma. A ƙarshe ta gina wa makarantar shafin intanet, inda uba zai shiga da wayarsa ya ga sakamakon ɗansa ba sai ya zo ba. A ƙasan shafin, da ƙananan baƙaƙe, ta sa sunanta.

Daga nan abin ya shiga ranta. Ta ci gaba da koyo, ta yi wa wani kantin magani shafi, ta yi wa wata mai ɗinki. Sai wani kamfani a Legas mai gina wa 'yan kasuwa shafuka ya gwada ta, ya ɗauke ta, a kan ta riƙa aiki daga gida. Shekarunta sun haura arba'in ranar da ta ajiye alli.

Mutane sun yi magana. Wata malama ta ce mata, “Fibi, da girmanki ki bar koyarwa ki koma wasan yara?” Wilson dai cewa ya yi, “Maman Virtue, tun da na aure ki ban ga kin tashi da safe kina waƙa ba sai yanzu. Yi abinki.”

Ta yi abinta kuwa, lafiya lau, har shekarar da aka lalata turakun wuta garin ya zauna babu lantarki mako da makonni, ga zafin Yola da ba ya jin kira. Janaretansu ya ƙone. Sai ta koma shagon ƙawarta Madam Goretti a kasuwar Jimeta. Goretti 'yar ƙabilar Ibo ce mai sayar da kayan masarufi, tana da sola a kan rufin shagonta. Ta gyara mata lungu a bayan katan-katan na taliya, ta ce da irin Hausarta, “Malama, zo ka zauna, ka yi aikinka. Rana na Allah ne, ba na saya ba.”

Kullum da safe Adda Fibi takan hau keke daga Bekaji da jakar laftof ɗinta a cinya. A irin wannan safiya ce, ranar da za ta miƙa wani babban aiki, wasu jami'an tsaro suka tare keken a bakin titi. Suka ce kowa ya sauko. Ɗayansu ya nuna jakar.

“Madam, mene a ciki?”

“Kwamfuta ce, ranka ya daɗe. Kayan aikina.”

“Wane ofis kike?”

“A gida nake aiki. Ina gina shafukan intanet.”

Ya kalli ɗan'uwansa suka yi dariya. Ya ce ta buɗe. Ta buɗe. Abin da ta bari tana yi ya fito: baƙin allo cike da layuka na rubutu, ja da kore da ruwan ɗorawa. Duk mai wannan sana'a haka allonsa yake, da wannan rubutun ake gaya wa kwamfuta abin da za ta yi. Shi kuwa sai ya ja da baya kamar ya ga maciji, ya ɗaga murya don kowa ya ji.

“Oga, zo ka gani! Yahu ne! Har da tsofaffin mata yanzu!”

Yahu, wato masu damfarar mutane ta intanet. Matar da ta koyar da rabin samarin unguwar nan lissafi, ita aka kira da wannan suna a tsakiyar titi. Ta ce su bari ta nuna musu shafin da take ginawa, na masu sayar da takalma ne. Ba su kalla ba. Suka karɓe wayarta, suka ga saƙonni da Turanci, suka ce ga shaida. Babbansu ya matso ya rage murya ya ce, in tana so a kashe maganar a nan, ai ta san yadda ake yi.

“Ban yi laifi ba,” in ji ta, “ba abin da zan kashe.”

Mutane sun taru. A cikinsu akwai wani Jerry, magidanci ne da gemunsa, yana da shafi a Fesbuk da yake kira na labaran gari. Ya ɗaga waya yana ɗauka. Ya ɗauki lokacin da aka fizge jakar, ya ɗauki lokacin da ɗankwalinta ya zame, ya ɗauki lokacin da aka tura ta bayan motarsu. Bai tambaye ta komai ba, bai tambayi kowa ba. Kafin motar ta isa inda za ta, ya sa bidiyon da rubutu a sama: an cafke uwar 'yan yahu a Jimeta.

Mai keken, da ya saba kai ta shagon, shi ne ya je ya gaya wa Goretti, ita ta kira Wilson, ta kira ni. Muka same ta a ofishin jami'an zaune a kan benci, ta haɗa hannu a cinya, ba ta kuka. Goretti ta rufe shago ta zo tana ta faɗa, tana haɗa Hausa da Turancin kasuwa: “Wannan mata tica ne! Abeg, ku duba fuskansa, ya yi kama da ɓarawo?” Wilson ya kira kamfanin na Legas, su kuma suka yi magana da wani babba a cikin jami'an. Da la'asar aka ce ta tafi, ba a sami komai ba. Ba wanda ya ce mata yi haƙuri. Aka miƙo mata laftof ɗin allonsa ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, aka ce haka ta kawo shi.

Na ɗauka shi ke nan. Ashe sakin da aka yi mata ba wanda ya ɗauke shi a waya.

Bidiyon ya zagaya Jimeta da Yola, ya je Numan, ya je har wurin ƙanenta a Jos. A ƙarƙashinsa mutane suna ta rubutu. Wani ya ce dama ya yi mamakin yadda ta bar aiki. Wata ta ce dama ba ta fita sai zaman ɗaki. Na ga sunayen iyayen yaran da ta zauna da su bayan an tashi, tana koya musu kyauta don kada su faɗi jarrabawa. Su ma sun sa baki. A makarantar su Virtue yara suka fara kiranta 'yar Mama Yahu, yarinyar ta daina cin abinci.

Kamfanin Legas sun nuna tausayi a baki, amma aikin bai isa a ranarsa ba, mai takalma ya fusata ya tafi wani wuri. Ba da daɗewa ba suka ce za su neme ta in wani aiki ya samu. Ba su neme ta ba.

Namu mai makarantar kuwa, wanda ya san ta tun tana amarya, kirana ya yi ofis ya ce in gaya mata a cire sunanta daga ƙasan shafin, iyaye na tambaya. Na ce, “Ranka ya daɗe, to shafin fa? Shi ma a cire?” Ya ce a'a, shafin ai yana da amfani. Na ce sai dai ya gaya mata da bakinsa. Bai iya ba. Ya nemo wani ya goge sunan. Har yau da wannan shafin iyaye ke duba sakamako.

Abin da ya fi ƙona mata rai a coci ya faru. Adda Fibi ce ke koya wa yara darasin Lahadi tun kafin a haifi Virtue. Mama Magdalena, shugabar zumuntar mata, ta zo gidanta da rana, ta sha ruwa, ta yi addu'a, sannan ta ce, “'Yata, mun zauna mun ga ya kamata ki ɗan huta da koyar da yaran nan, har maganar ta lafa.”

“Mama, kin yarda na yi damfara?”

“A'a, ni ban yarda ba. Amma kin san mutane.”

“To ki tashi ranar Lahadi ki gaya wa mutanen abin da kika gaya mini yanzu.”

Mama Magdalena ta gyara mayafinta ta ce ba a yin irin wannan a gaban bagaden coci. Ta tafi.

A ranar ce kaɗai na ga hawayenta. Ta ce, “Na'inna, da a ce mai saye da sayarwa ce ni, da an gane. Da ɗinki nake, da an gane. Don ba su san abin da nake yi ba, shi ke nan na zama ɓarauniya?”

Muka je wurin Jerry, ni da ita da Wilson. Muka same shi a gindin bishiya kusa da masu shayi. Wilson ya yi masa bayani cikin natsuwa, ya ce an sake ta tun ranar, ya roƙe shi ya cire bidiyon ya faɗi gaskiya. Jerry ya ce shi abin da ya gani ya ɗauka, ba shi ya kama ta ba. Ya ce kuma bidiyon ya jawo masa mabiya da yawa, ba zai iya cirewa haka kawai ba. Sai ya juyo wurinta yana murmushi ya ce, “Amma Anti, in kina so ki zo mu yi hira, ki ba da naki ɓangaren. Zai tafi sosai.” Ban san lokacin da na miƙe ba. Ita ta riƙe mini hannu ta ce mu tafi.

Na ɗauka za ta koma aji. Wata makaranta ma ta neme ta a ɓoye. Ta ce a'a, ba don ta gaza ta bar koyarwa ba, ba kuma za ta bar wannan don an tsorata ta ba. Wilson ya kai laftof ɗin aka sa masa sabon allo. Ta koma lungun Goretti, ta shiga neman aiki daga farko, tana aikawa ana ƙi, tana aikawa ana shiru. Damina ta wuce kafin wani kamfani mai yi wa asibitoci manhaja ya ɗauke ta. Da su take har yanzu, kuma sun ƙara mata matsayi. Goretti ta sa ta gina wa shagonta shafi, duk wanda ya shigo sai ta nuna masa a waya ta ce, “Malama ne ya yi, wanda ku ce ɓarawo.” Ranar Asabar 'yan mata uku suna zuwa lungun tana koya musu, ɗayarsu 'yar yayata ce.

Coci tana zuwa, tana zama a baya. Ba a ce ta dawo wurin yara ba, ita ma ba ta tambaya ba. Bidiyon yana nan a shafin Jerry, duk wanda ya rubuta sunanta a intanet shi yake fara gani.

Kwanan baya na haɗu da ita a bakin titin Bekaji tana jiran keke, riƙe da buhun cefane, ganyen alayyafo da yakuwa sun leƙo ta sama. Na ce, “Adda, kasuwa ake zuwa da ganye ko daga kasuwa ake kawo shi?” Ta waiga hagu da dama, ta ɗaga ganyen kaɗan. Laftof ɗin ne a ƙasa, naɗe cikin tsohon zane. Haka take fita da shi yanzu kullum, kamar wadda ta sato. Keke ya tsaya, ta shiga, ta ɗora buhun a cinya ta rungume.