Kujerar Aski Mai Taya

Duk wanda ya tambayi Mai Aski nawa ne kuɗin aski, sai ya ga mutumin ya ɗauki tsumma ya hau goge madubi. Madubin nan ya sha guga har gefensa ya koɗe.

Ba kuɗin ne ba ya so ba. Bakinsa ne ba ya iya faɗar su da Hausa. A cewarsa, da zarar ka ce wa mutum kawo kaza, sai ya tuna maka kakarsa ta taɓa goyon babarka, daga nan ciniki ya koma gaisuwa. Baƙi dai sukan ajiye abin da ya sawwaƙa. Wanda bai taɓa ajiye komai ba shi ne Yaya, wansa ciki ɗaya, wanda tun Mai Aski yana koyo yake kawo kansa. A aske shi, ya shafa ƙeya, ya ce, "Allah ya yi albarka, ƙanena," ya fice. Burin Mai Aski a duniya bai wuce ya ga hannun Yaya ya shiga aljihu sau ɗaya ba, ko don a san sana'a yake yi, ba wasa da gashi ba.

Wata rana ya kai matarsa asibiti ya ga abin mamaki. Ma'aikaciya ta faɗi kuɗi da Turanci, kowa ya biya, ba wanda ya ambaci kakar kowa. Da ya dawo ya ba wani tsohon malamin makaranta labari yana rage masa saje. Malam ya ce ai Bature kalmomin kuɗi gare shi kamar gashin kai, kowace da wurinta. Nan suka ƙulla: aski ɗaya, kalma ɗaya.

Sai dai Mai Aski mutum ne mai gudun haram. Ba zai karɓi kuɗi da sunan abin da bai yi ba. Da Malam ya ba shi "tol", kuɗin wucewa ta hanya, sai ya ɗaura igiya a ƙofar shago, yana ɗagawa yana saukewa. Yaya ya zo ya tsallake, yana tambayar wa ya ɗaura igiya babu shanya. Da aka ba shi "rent", kuɗin zama a wurin wani, ya ga kujera tsirara ba ta isa a kira ta gidan haya ba, ya kewaye ta da labule, ya buga ƙusar rataye hula. Yaya ya shiga ya sha barci. "Fayin", wato tara, ita ta fi ba shi wuya, don sai an yi laifi. Wuni guda yana jiran wani ya yi atishawa a kan reza, Allah bai kawo mura ba.

Matarsa ta ce ita ma tana da kalma ɗaya, sunanta cefane, kuma ba ta bukatar malami.

Sannan aka zo kan "feya", kuɗin mota. Mai Aski ya samo tayoyin tsohon keken yara ya ɗaura wa kujera. Daga ƙofa zuwa madubi bai isa a kira shi tafiya ba, don haka yakan ɗaura wa mutum tawul a wuya, ya tura shi har bakin titi, ya zagayo da shi ta bayan shagon tela, kafin a fara aski. Abin ya karɓu. Mahauci ma ya roƙi a sauke shi a kasuwa.

Yaya ya zo ya hau. Aka zagaya da shi yana ɗaga wa mutane hannu, aka dawo, reza ta fara aiki. An gama ɓangaren dama ke nan sai ga hannun Yaya ya gangara aljihu. Ya ajiye kuɗi a gaban madubi, ko waiwaye bai yi ba.

"Kai mai aski, ga na mota. Na askin kuma sai na ga aikinka. In bai yi ba, akwai wani shagon a gaba."

Mai Aski ya tsaya da reza a hannu yana jiran sauran maganar, albarkar nan da "ƙanena" da aka saba rufewa da su. Ba ta zo ba. Kuɗin suna nan, daidai, ba ragi. Ya daɗe yana kallon ƙeyar nan da ya sani tun kafin ya san hanyar makaranta.

Ya naɗe reza a hankali, ya ce bari ya je wurin Malam ya ji yadda Bature ke kiran kuɗin da ake mayar wa mai shi ba tare da an ɓata ba. Ya tarar Malam ya koma garin 'yarsa da zama.

Yaya ya jira har azahar, ya sa hula ya tafi. Bai je wancan shagon ba. Mai Aski kuwa har yanzu yana tambayar matafiya kalmar, ɓangaren hagu na kan Yaya yana nan da gashinsa.