Azurfar Likkafa da Ta Koma Goshin Doki

Ko tsufa zai kwashe mini komai, akwai wata rana da ba zai iya ɗauka ba. Lokacin muna zaune a unguwar Misfala a Makka, maigidana, Allah ya jiƙansa, yana zane a kan ƙarfe a ɗan shagonsa da ke ƙasan gidanmu. Farantan tagulla, butocin gahawa, zobba, da 'yar guduma da ƙarfe mai tsini yake fitar musu da fure. Kuma duk abin da ya taɓa sai ya zana masa "Masha Allah" a tsakiya, don shi alhazai ke so su kai tsaraba.

Sai ga wani Balarabe mai dawaki daga unguwar Zahir da kayan doki irin na kaboyi, wai daga Amurka aka kawo masa: sirdi, linzami, da likkafa biyu, wato abin da mahayi ke zura ƙafa. Ya kawo 'yan fale-falen azurfa guda uku, ya ce a zana, biyu a jikin likkafa, ɗaya a goshin doki. Ranar Alhamis zai dawo.

Ranar Laraba da hantsi na sauko masa da shayi, na tarar ya gama guda, yana ta huci. Ni ban taɓa zama gaban allo ba, amma shekara talatin ina goge farantai, ai na san sunan Ubangijina in na gan shi.

Na ce, "Alhaji, wannan ina za ta zauna?"

Ya ce, "A likkafa mana. Ke me kika sani a kayan doki?"

Na ce, "Doki kam ban sani ba, amma na san ƙafa. Sunan Allah za ka kai wa takalmi?"

Wallahi kofin shayin sai da ya kusa suɓuce masa. Ya yi ta salati. Hannu ne ya bi abin da ya saba, kai bai tambaya ba. Zanen ƙarfe kuwa ba ya goguwa, azurfar ba tasa ba, kuma wa zai sa hannu ya kankare wannan sunan? In labari ya fita a Makka cewa ya ajiye shi ƙarƙashin ƙafa, sai dai ya rufe shagon.

Na ce, "To ɗaga ta sama. Mayar da ita goshi, ta goshin ta sauko likkafa."

Ya dube ni kamar ranar ya fara ganina. "To likkafar me zan zana mata? Ni furen Amurka ban iya ba."

Na ɗauko gawayi na zana masa a bayan faranti irin zanen da mahaifiyata ke yi wa ƙorai a ƙauyenmu na ƙasar Kano. Ya ce, "Hajiya, wannan ai na ƙwaryar fura ne!" Na ce, "Doki zai kai ƙara ne?" Ya yi dariya har da tari, ya ja guduma.

Ranar Alhamis na laɓe bayan labule. Balaraben ya juya likkafa, ya sake juyawa. Can ya ce, "Ya mu'allim, wannan zanen wace ƙasa ce?" Maigida ya ce, "Ƙasar Hajiya ce." Da ya ga ta goshin kuwa, sai ya sumbace ta, ya ce yanzu dokinsa ya tsira daga kambun baka. Kafin wata ya kama, abokansa biyu sun aiko da nasu, kowa zanen Hajiya yake so.

Tun ranar nake gaya wa jikokina, gwaninta ba ta hana tambaya. Kafin hannunka ya sauka kan aiki, ka san inda aikin zai je ya zauna.