Lomar da Baba Haladu ya rubuta mini

Salamu alaikum, jama'a. Na san shiruna ya yi yawa, har wasu sun fara tambayar ko an kai ni maƙabartar Baƙi'a. Ina nan da raina. Murya ce ta tafi ta bar ni.

Da dishewa abin ya fara, ina aikina a gonar dabino a unguwar Awali, nan ƙasa mai tsarki. Na sha zuma, na sha citta, a banza. Da haɗiyar yawu ta zama aiki na tafi asibiti. Suka zura mini kyamara ta hanci, suka yanki ɗan nama suka gwada.

Likita ya ce, "Ƙari ne a maƙogwaro. Sai an yi aiki."

Inshora ta ɗauki wani kaso, kafilina, wato ubangidan da nake wa aiki, ya cika, 'yan'uwa na unguwar Ƙurban suka yi karo-karon kuɗin magani.

Na farka da bututu a wuya, wani a hanci inda ake ɗura mini abinci. Likita ya ce ko raɗa bai yarda ba. Ni da ake wa kirari da baki abin magana! Ina kwance, magana cike da ciki, babu ƙofar fita. Na ji tsoro. Na yi kuka, kukan ma ba sauti.

Abin da ya fi ci mini rai Inna ce, can ƙauyenmu kusa da Tasawa. Ba ta karatu, saƙon murya nake aika mata duk Juma'a. Abokina Mamman ya aika a madadina cewa ina lafiya, aiki ne ya yi yawa. Sai ƙanwata Hajara ta rubuto: "Yaya, Inna ta ce haka aka faɗa mata ranar da Babanmu ya rasu. Ta daina cin abinci."

Hoto kuma da bututun nan, ƙarasa ta zai yi.

A gadon kusa da ni akwai Baba Haladu, Bakano, ya haura shekara casa'in, ƙugu ya karye. Jikokinsa na zuwa, yana yi musu Hausa, suna ɗaga murya da Larabci, bai cika kula su ba. Ni ya samu, mai saurare da ba ya katse shi. Ya ce da ƙuruciya shi ke rubuta labaran majigi, fim ɗin da ake haskawa a bangon ƙauye, hoto zalla ba murya. Na san sunan direban motarsu, da garin da akuya ta cinye musu farin ƙyalle. Wani labarin na ji shi har na haddace, ba halin in ce ya isa.

Wata rana na rubuta damuwata a waya na miƙa masa. Ya sa tabarau ya karanta.

"Yaro, a majigi ba a cewa mutum ya warke. Nuna shi ake yi yana cin tuwo, ƙauye ya ɗauki shewa."

Na nuna masa bututun hancina.

"To ka koyi haɗiya. Ni na gama rubutu, saura ɗan wasa."

Da ma ina gudun mai koyar da haɗiya, don sarƙewa tana tsorata ni. Na koma. Ruwa mai kauri a cokali, in sarƙe, hawaye su zubo, Baba daga gadonsa ya ce, "A sake!" Wallahi wani lokacin haushinsa nake ji.

Ranar da aka cire na hancin, Mamman ya kawo tuwo mai laushi da miyar kuka. Baba ya sa aka naɗa mini ƙyalle a wuya, aka juya ni wajen taga.

"Ban da murmushi, mai ɓoye abu ke murmushi. Wanke hannu, yanki loma, ci."

Na ci. Mamman ya ɗauki bidiyo ya tura wa Hajara.

Da la'asar muryar Inna ta shigo: "Ya rame, kuma ban yarda da ƙyallen nan ba. Amma har yanzu loma yake kamar ana korarsa. Shi ne. Hajara, dama mini fura."

Yanzu an cire na wuyan ma, gwaji ya fito lafiya, murya ta dawo a dishe. Inna ta ji gaskiya daga bakina, ta yi mini faɗa son ranta.

Alhamdu lillahi. Likitoci, Mamman, kafilina, mutanen Ƙurban, Allah ya saka. Shawarata: dishewar da ta ƙi tafiya, a bar zuma a je asibiti. A duba inshora tun ana lafiya. Kuma a daina cewa tsofaffinmu "yana lafiya", sun san wannan karatun.

Jiya na je gidan Baba a Ƙurban in yi masa godiya da bakina. Na yi ta zuba yana kallona. Can ya dafa kafaɗata.

"Kada ka wahalar da sabuwar muryar, yaro. Kunnuwan nan sun daɗe da ritaya. Wanke hannu mu ci."