Bawa Mai Sito, Mai Hana Mutum Buhunsa

Da an sallame sallar asuba a Talata Mafara, Malam Bawa yakan ja ƙafarsa mai ciwo zuwa bayan kasuwar hatsi, ya buɗe sitonsa, ya share, ya duba ko ɓera ya yi ɓarna, sannan ya zauna a benci. Sana'arsa ajiyar hatsin mutane. Amma akwai wasu buhuna da ya keɓe a kusurwa, waɗanda ko mai su ya zo da rantsuwa ba ya ba shi.

Buhunan iri ne na manoman da caca ta kama. Tun da cacar ƙwallo ta shigo cikin waya, mutum yana zaune a gindin bishiya sai ya cinye noman shekara. Bawa ya sha ganin manomi ya sayar da na ci, ya koma kan iri. Sai ya fito da sharaɗi: duk wanda ya san halinsa, ya kawo irinsa ranar da hankalinsa ke jikinsa, tare da mutum ɗaya da ya yarda da shi. Buhu ba ya fita sai lokacin shuka, kuma sai su biyun sun zo tare.

Haka Surajo ya yi. Mutumin Gidan Goga ne, ya gudo bayan 'yan bindiga sun ƙone masa rumbu, ya samu aron gona wajen Bakura. Buhu ɗaya na irin shinkafa shi ne duk abin da ya rage masa, shi ya kawo tare da yayarsa Hussaina.

Tukur mai awo, maƙwabcin sito, shi ya ba ni labarin ranar da Surajo ya dawo shi kaɗai, da rana tsaka, yana gumi.

"Baba, a ba ni buhuna."

"Ina Hussaina?"

"Ta tahi Faru biki. Baba, wanga wasa na yau ko makaho ya san mai ci!"

"To tahi wurin makahon, shi ba ka nashi buhu."

Surajo ya ɗaga murya, har da kiransa azzalumi. Jama'a suka taru, wasu na cewa, "Haba Malam, ba shi kayanshi mana." Bawa bai tashi ba. Cewa ya yi, "Surajon da ya kawo min amana shi na sani, kuma shi ya ce ko ya zo da kuka kar in ba shi." Sai ya gusa a benci, ya sa aka dama fura. Surajo ya ƙi sha, ya tafi.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, ƙungiyar da Surajo ya zaɓa ita ta ci a ranar. Ya daɗe ba ya gaida Bawa. Amma da aka saki ruwan madatsar Bakolori, lokacin shuka ya yi, ya zo da Hussaina, kansa a ƙasa, ya ɗauki buhunsa cif yadda ya kawo shi. Bana shinkafar gonarsa gidan ke ci.

Malam Bawa, kai ne ka yarda a zage ka a bainar jama'a don gonar wani ta tsira. Ba ka taɓa yi wa ɗan caca wa'azi a gaban mutane ba, ba ka tona asirin mai buhu ba. Amintacce, kurman sito, ka riƙe wa mutum maganar da ya faɗa yana cikin hayyacinsa.

Yanzu gwiwa ta ƙi, Bawa ya ajiye aiki. Da zai miƙa makullin sito, sai ya miƙa wa Surajo. Mutane suka yi ta ƙananan maganganu, wai an ba kura ajiyar nama. Washegari sai ga Surajo a ƙofar gidan Bawa, buhun irinsa na bana a bayan babur, Hussaina na biye.

"Baba, na mutane zan iya tsarewa. Nawa dai, shi kwana ɗakinka."

Mun gode, Malam Bawa. Allah Ya ba ƙafa lafiya, Ya saka da alheri. Mu kuma, wanda ɗan'uwansa ya ba amana irin wannan ya riƙe ta ko da zagi. Wanda kuma ya san inda ƙafarsa ke zamewa, ya nemi Bawansa tun buhu na cike.