Ƙafar Bazama

Tun yana rarrafe aka laƙa masa Bazama, don da an ajiye shi an juya baya sai a tsince shi a bakin ƙofa. Innarsa ba ta dariya idan ana ba da labarin. Mijinta, kafinta ne, ya fice wata safiya ya bar ta da goyo, kamar yadda nasa uban ya yi. Sai ta ce, "Jini ne. Ƙafar gidansu ce."

Da wannan magana ya girma, kuma ya tsane ta. Amma ya koyi ɗinki ya bari, ya shiga gyaran keke ya bari, ya yi dako a wani sito har kafaɗarsa ta yi kanta, nan ma ya ajiye. Duk sanda ya bar wuri yana da hujja mai kyau, sai kawunsa ya girgiza kai ya ce, "Hujja dai ba ta ƙare wa ubanka ba."

A gyaran firji da fanka ya tsaya. Ya kama ɗan shago a ƙarƙashin wani bene, ya auri wata mai kitso mai saurin baki, suka haifi 'ya mace. Sai dai zaman nasa na kan ƙaya ne. Yana cikin zuba wa firji gas, in babbar mota ta wuce, sai ya ji tafin ƙafarsa na ƙaiƙayi. Ya ajiye sukurdireba, ya fito ya tsaya, ya koma, ya sake fitowa. Ya sha canza wa teburin aikinsa kusurwa ba gaira ba dalili.

Rannan kawunsa ya shigo shagon riƙe da hannun wani tsoho mai rawar jiki, ya ce, "Ga ubanka. A asibiti aka gane shi."

Bazama ya kai shi gida, matarsa ta share ɗakin ajiya ta sa katifa. Da tsohon ya ɗan murmure, sai Bazama ya zauna gabansa.

"Baba, me ya kore ka?"

"Ba abin da ya kore ni."

"To jinin ne ya ja ka?"

Tsohon ya dube shi kamar bai gane ba. "Wane jini? Na ga dama ne, na tafi."

Amsar ta hana Bazama sukuni. Ashe a can ƙasan ransa so yake a ce jini ne, don in wata rana ya tafi, ba laifinsa ba ne. Ya kai wa matarsa maganar tana tsaka da tsefe wa 'yarsu kai.

Ta ce, "Maigida, ƙaiƙayin ƙafa an ba ka shi, na yarda. Amma kullum ina ganinka kana dawowa."

"To abin da ke dawo da ni ɗin, wa ya zuba min shi? Ba kukan Inna ba ne? Wancan na Baba, wannan na Inna. Ni ina nawa?"

"Kai, wannan mutum! Ai su biyun in an haɗa, kai ke nan. Wa ya ɗaure ka? Miƙo min kibiyar can."

Ya miƙa mata, amma bai gamsu ba.

Ba a jima ba tsohon ya fara rikicewa. Ya manta sunan jikarsa, amma bai manta hanyar ƙofa ba. Da an yi sakaci sai ya sulale, Bazama ya rufe shago ya bi tituna yana tambayar masu faci da masu shara. Maƙwabta suka ce ya riƙa sa kwaɗo. Ya saya, ya juya shi a hannu, ya kasa sa wa ƙofar.

Wata rana da hantsi ya same shi a shataletale, takalmi wari guda, yana kallon motoci.

"Baba, ina zuwa?"

"Gaba."

Maimakon ya janyo shi, sai ya kama hannunsa suka yi gaban tare. Suka wuce gidan mai, suka wuce masu walda, har tsohon ya gaji ya ce a koma. Daga nan ya zame musu al'ada, kullum kafin a buɗe shago, har Allah Ya karɓi ran tsohon a kan katifar nan.

Bayan rasuwar, wani ɗan kwangila ya yi wa Bazama tayin aiki a wani gari mai nisa. Ya yi mako yana kai-komo tsakanin shago da gida, yau ya ce zai je, gobe ya fasa. A ƙarshe ya ce wa mutumin zai je, amma da iyalinsa. Matarsa ta yi mita son ranta saboda masu zuwa mata kitso, sannan ta fara ɗaure tukwane.